Kada a Zauren Sakkwato: Nazarin Haɗa Ƙaramin Samfurin Kan Jirgin Ƙasa Mai Lantarki

Wannan bayani ne na aiki guda ɗaya wanda ya ci kusan shekara, daga hunturu zuwa goshin wani hunturun, a cikin wani zaure da ke unguwar Runjin Sambo a birnin Sakkwato. Mai aikin kawuna ne, tsohon malamin koyar da aikin lantarki da ya yi ritaya, ni kuwa nawa shi ne riƙe fitila, da miƙa kayan aiki, da rubuta abin da aka yi kowace rana a cikin littafi. Abin da aka haɗa shi ne ƙaramin samfurin kan jirgin ƙasa mai aiki da lantarki, wanda ya zo a wargaje cikin kwali, sassa fiye da yadda mutum zai so ya ƙirga, tare da takardar umarni mai shafuka da yawa. Na ga ya dace a rubuta yadda aikin ya gudana ne saboda kusan duk matsalar da muka ci karo da ita tushenta ɗaya: an rubuta takardar umarnin ne domin mutumin da ke zaune a ɗaki mai sanyi a Turai, ba domin wanda ke aiki ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu a Sakkwato ba.

Kawu a Ƙauran Namoda ya tashi, garin da reshen dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tuƙe a shekarar 1929. Dogon bai ƙaraso Sakkwato ba, kuma har yau bai ƙaraso ba. Yana yaro ya ga kawunan jirgi suna jan taragon gyaɗa da auduga, amma kan jirgi mai shan wuta daga wayar sama bai taɓa ganinsa da ido ba sai a littattafan da ya koyar da su. Ko jirgin lantarkin da ya fara ɗaukar fasinja a Legas a 2023 daga dogo na uku da ke gefe yake shan wuta. Da ɗansa da ke karatu a waje ya tambaye shi tsarabar da yake so, sai ya ce a samo masa Kada.

Kada laƙabi ne na kan jirgin hukumar jiragen ƙasa ta Suwizalan mai lamba Ce 6/8 II. An ƙera guda 33 tsakanin 1919 da 1922 domin layin Gotthard, wanda ke ratsa tsaunukan Alps ya nufi Italiya, inda dogo kan hau mita 26 a cikin kowace mita 1,000. Ƙarancin kwal a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya tura ƙasar ga lantarki, domin ba ta da kwal amma tana da ruwan da ke gangarowa daga duwatsu, sai aka shimfiɗa wayar sama mai ƙarfin bolt 15,000. Lambar 6/8 na nufin aksul takwas ne a ƙarƙashinsa, wato sandunan da ke haɗa ƙafar dama da ta hagu, shida daga ciki su ne masu ja. Jikinsa kashi uku ne masu gaɓa: ɗaki a tsakiya mai ɗauke da taransifoma da wurin direba a kowane ɓangare, sai dogayen hanci biyu, gaba da baya, waɗanda ke lanƙwasa da kansu idan an shiga kwana. Wannan doguwar siffa marar tsayi, irin ta kadan ruwa, ce ta jawo masa sunan.

Samfurin yana kan ma'aunin da ake kira HO, wato kashi 1 cikin 87. Tsawon ainihin kan jirgin mita 19.46 ne, don haka namu ya tashi santimita 22 da 'yan kai, tsawon da bai wuce taƙin babban mutum ba. Ƙafafun ja masu faɗin milimita 1,350 sun koma milimita 15.5. Tazarar dogon samfurin milimita 16.5 ce, wadda idan aka ninka sau 87 za ta ba da 1,435, daidai da tazarar layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Kawu ya yi lissafin cewa dogon Ƙaura da ya sani, mai tazarar milimita 1,067, da milimita 12 kawai za a kwaikwaye shi a wannan ma'auni, ya kuma rubuta hakan a gefen takardar umarnin da fensir.

Abin da ke cikin kwalin iri uku ne. Akwai faranti-faranti na siririyar tagulla da aka zana sassa a jiki da asid, sai a yanko a lanƙwasa. Akwai sassan zubi na farin ƙarfe mai taushi, gamin kuza da dalma, waɗanda suka haɗa da hancin biyu da rufi. Sai kuma ƙafafu, da giya, da ƙaramin moto mai bolt 12, da kusoshi waɗanda idan ɗaya ta faɗi a kan tabarma sai an yi sa'a a same ta. Tun ranar farko Kawu ya kafa doka a kan farin ƙarfen, cewa ba za a goge shi da magagari ba sai a kan jiƙaƙƙiyar takarda, a naɗe garin a binne nesa da rijiya, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci, kuma jikoki ba sa shiga zauren sai an share. Wanda ya san abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010 ba zai ga wannan doka a matsayin tsanani ba.

Ƙafafu da sandunan gefe

An fara da firam ɗin ƙasa a watan Disamba, kuma lanƙwasa tagulla da liƙa ta da dalmar masu gyaran rediyo, wadda ke narkewa a wajen digiri 185, bai ba mutumin da ya shekara talatin yana liƙa waya wahala ba. Wahalar ta fito ne ranar da aka ɗaura sandunan gefe. Kowane hanci yana da aksul uku na ja, kuma sanduna ne ke haɗa ƙafafunsu ta gefe kamar yadda ake gani a jirgin kwal, ga kuma wani aksul na tsakani da ke karɓar juyi daga moto ya miƙa musu. Ƙa'idar ita ce ƙusar juyi, wato wadda sandar gefe ke rataye a kanta, ta ƙafar dama ta riga ta hagu da rubu'in zagaye, wato digiri 90, domin lokacin da sandar gefe ɗaya ta miƙe sambal ta rasa ƙarfin turi, ta ɗaya gefen tana kan ganiyar nata. Ba lallai ne ya zama 90 cif ba, amma wajibi ne kowane aksul ya yi daidai da ɗan'uwansa. Namu da aka sa wuta sai ya yi tafiyar gurgu, ya juya ya cije, ya juya ya cije, kullum a wuri ɗaya na zagayen.

Shawarar da na bayar ita ce a faɗaɗa ramukan sandunan duka, Kawu ya ƙi, kuma daidai ya yi, domin ramin da aka faɗaɗa ba ya komawa, sandar da ta yi sako-sako kuma wata cijewar take haifarwa. Abin da ya yi shi ne ya cire moton, ya kwance sandunan, ya ɗora firam ɗin a kan gilashin tebur ya tura da yatsa don ya tabbata ƙafafun suna gudu su kaɗai. Sannan ya mayar da sanduna tsakanin aksul na farko da na biyu kawai, ya tura, lafiya lau. Da ya ƙara na uku cijewar ta dawo. Ya ɗaga firam ɗin saitin hasken ƙofa ya leƙa ta tsakanin haƙarƙarin ƙafafun, sai ga na aksul na uku ba su hau layi ɗaya da sauran ba, sun karkace da abin da bai fi kaurin farce ba. Ya riƙe ƙafa ɗaya da tsumma, ya murɗa ɗayar a hankali, ya gwada, ya sake murɗawa, har sau huɗu, kafin firam ɗin ya gangara da kansa da aka ɗan ɗaga gefen gilashin. Kwana tara wannan ya ci a hancin farko, na biyun kuwa yini biyu. An kuma auna tazarar bayan ƙafa zuwa bayan ƙafa aka tsayar da ita a wajen milimita 14.4.

A nan ne hunturu ya fara nuna kansa. Takardar ta ce a ɗiga mai a kowace gaɓa, muka ɗiga, cikin mako guda man ya sha ƙura ya zama baƙin kwaɓi mai cin ƙarfe kamar samfefa. Aka wanke komai da sifirit, aka koma sa mai da bakin allura, ɗigon da ido ke gani da ƙyar, kuma daga ranar firam ɗin ba ya kwana sai a cikin rufaffiyar roba.

Abin da ya faru a watan Afrilu

Farin ƙarfen zubi ba ya jure zafin ƙarfen liƙi na yau da kullum, wanda bakinsa kan haura digiri 300, domin taɓawa ɗaya za ta huda shi. Saboda haka takardar ta yi umarni da wata dalma ta musamman mai narkewa a digiri 70, wadda aka haɗo a cikin kwalin, ta kuma ce inda farin ƙarfe zai haɗu da tagulla a fara shafe tagullar da dalma mai digiri 145. Haka aka yi a Fabrairu da Maris, da ƙarfen liƙi mai maɓallin rage zafi da ke shan wuta daga inbata, tun da wutar gari ba abin dogaro ba ce. Jikin ya haɗu kyakkyawa, layukansa a miƙe.

Wata Juma'a a watan Afrilu Kawu ya ɗauke shi cikin kwali zai nuna wa wani abokin aikinsa na dā, ya ajiye a gaban mota ƙarƙashin gilashi, ya kulle motar a rana ya shiga masallaci, daga nan kuma aka zarce gaisuwar rasuwa. A irin wannan wata zafin inuwa kansa yakan haura digiri 40 a Sakkwato, gaban rufaffiyar mota kuwa yana iya kai wa 70 ko ya wuce. Da aka buɗe kwalin bayan la'asar, sai aka tarar murfin hanci ɗaya ya zame ya kwanta a karkace, rufin ɗakin tsakiya ya rabu da bango ta gefe guda, ga ƙananan ƙwallayen dalma masu sheƙi a ƙasan kwalin kamar an watsa gero. Sassan kansu ba su narke ba, abin da ke riƙe da su ne ya saki. Aikin wata biyu ke nan, kuma ban taɓa ganin Kawu ya yi shiru irin na yammacin ranar ba.

A ganina kuskure ne a tsaya ga cewa laifin barin kwali a mota ne kawai. Dalma tana rasa ƙarfinta tun kafin ta kai matakin narkewa, kuma tazarar da ke tsakanin digiri 70 da zafin ɗaki a Turai ta ninka wadda ke tsakaninsa da zafin zaure mai rufin kwano a bazara. Abin da za a ajiye shekaru a garin nan bai kamata a rataya shi a kan wannan 'yar tazara ba.

Mafita daga Maƙera Assada, unguwar maƙera a cikin Sakkwato, ta fito. Kawu yana da wani tsohon sani a can, maƙerin fari, daga cikin masu aikin azurfa da tagulla, waɗanda sana'arsu ta bambanta da ta maƙeran baƙi masu garma da gatari. Muka kai masa sassan a cikin kwano. Dattijon ya daɗe yana jujjuya hancin a tafin hannunsa, ya karce cikinsa da farce, sannan ya ce: "Malam, liƙi ba shi ɗaukar kaya shi ɗai. Wanga abu ƙusa shika so. In kun sa mashi ƙusa, ko liƙin ya yi taushi ba shi zamewa." Kawu ya ce, "Baba, ai wurin bai kai ƙwayar shinkafa ba." Ya ce, "Awo, na gani. Ɗan kunne ma ai ba shi kai ba, kuma muna huda shi."

Abu uku muka ɗauko daga wurinsa. Na farko shi ne ƙusar: a huda sassan biyu da siririn bakin huji na rabin milimita, a zura guntuwar wayar tagulla ta ratsa su, sannan a liƙa, ta yadda nauyi zai hau kan waya. Na biyu shi ne jeranta liƙi daga mai wuyar narkewa zuwa mai sauƙi, domin na baya kada ya kwance na farko, abin da ya ce haka suke yi tun kakanni idan zobe yana da gaɓa fiye da ɗaya. Na uku shi ne a naɗe inda aka riga aka gama da jiƙaƙƙiyar auduga ta shanye zafin, a kuma riƙa gwada bakin ƙarfen a kan ragowar zubi kafin a kai shi ga aiki, in ya bar tabo to ya yi zafi da yawa. Akwai waɗansu daga cikin waɗannan a littattafan masu wannan sana'a, amma a takardarmu babu, kuma a wurinsa muka ga yadda hannu ke yin su.

Raunin dalmar ya zama taimako wajen kwancewa, domin da aka tsoma jikin a tafasasshen ruwa sai sassan suka rabu da kansu ba tare da an fasa ko ɗaya ba. Aka kankare, aka wanke, aka aika aka samo dalma mai narkewa a digiri 100, wadda ke kama tagulla da farin ƙarfe ba sai an yi shafen farko ba. Kusoshi ashirin da shida aka sa, bakin huji uku suka karye, amma jikin da aka gama a ƙarshen Yuni ya fi na farko ƙarfi nesa ba kusa ba. Bayan kowane zama sai an wanke ruwan sinadarin liƙin, domin asid ne, idan ya kwana yakan bar kore a jikin tagulla. Ruwan rijiyar burtsatsen gidan yana barin farin tabo idan ya bushe, don haka ɗaurayar ƙarshe da tataccen ruwa ake yi, irin wanda ake ƙara wa batir, ba mai asid ɗin ba, kuma wajibi ne mai saye ya bambance su da bakinsa domin suna ɗaya ake kiran su a kasuwa.

Fenti da ƙananan kaya

Darasin Afrilu ya sa ba mu ƙara gwada komai a jikin Kada kai tsaye ba. An fesa fenti a kan ragowar tagulla da rana a watan Mayu, ya fito da kaushi kamar an barbaɗa rairayi, saboda ƙwayoyin fentin suna bushewa a iska kafin su sauka. Wani mai fentin mota ya ce a jira damina, a yayyafa ruwa a daɓe, a fesa da sassafe, a sirka da tina mai jinkirin bushewa, a kuma kife kwali a kai nan take. Ya yi kashedin kada a fesa ana tsakar ruwa ko sararin sama na haɗe, domin laima kan sa fenti ya yi hazo. A watan Agusta aka yi, da safiyar da ta biyo bayan ruwan dare da kwana ɗaya. An fara da shafen farko mai cin jikin ƙarfe, wanda in babu shi fenti ɓarewa yake yi daga tagulla, sannan shafe uku marasa kauri.

Kawunan jirgin da launin ƙasa-ƙasa suka fito, daga baya aka mayar da su kore mai duhu. Kawu ya zaɓi na asali, ya kuma ba shi lamba 14253, domin wannan yana nan an adana shi da launin ƙasa-ƙasa a Erstfeld, a gindin hawan Gotthard. Allunan lambar na tagulla ne masu haruffa a tashe. Aka shafe su da baƙin fenti, da suka bushe Kawu ya kifa kowanne a kan samfefa mafi laushi ya ja sau biyu da ɗan yatsa, sai lambobin suka fito suna ƙyalli a kan baƙi. A duk aikin babu abin da ya yi sauƙi ya kuma yi kyau kamar wannan.

Tagogi da farin gam na kafintoci aka manna su, saboda tururin sufa gulu yana sa su yin fari. Sufa gulun ma da laimar iska yake kamawa, shi ya sa a hunturu yakan yi nawa, a damina kuma ya kama tun ba a daidaita ba. Maratayan hannu an lanƙwasa su daga waya a kan katako mai ƙusa biyu domin su fito tsawo ɗaya. Rufin ne ya fi cin lokaci, inda akwai fantogiraf biyu, wato hannuwan nan masu gaɓa da ke miƙewa su taɓo wayar sama, da jerin kaskon hana wuta tsallakewa, da wayoyin da ke kai wuta ga taransifoma. A nan malamin lantarki ya fito sosai, domin Kawu ya ƙi manna ko waya ɗaya sai da ya bi ta a zane ya gane daga inda ta taso da inda ta nufa.

Gwaji

Samfurin daga dogo yake shan wuta, ɗaya fositif ɗaya negetif, ta wasu siraran ƙarafa masu gogar bayan ƙafafu. A miƙaƙƙen layi ya tafi lafiya, amma da ya shiga kwana sai ya tsaya cak. Kawu ya kashe fitilar zauren ya sake tura shi, muka ga ɗan tartsatsi a ƙarƙashin hancin baya, inda takalmin birki na ƙarfe ke taɓa ƙafar da ya kamata ta kasance a ware daga firam. Aka ɗan ja shi baya, aka shafa masa gam mai haɗi biyu siriri, aka kuma sake shimfiɗa kwanar da faɗin da ya kai santimita 60 daga tsakiya maimakon 36 da muka fara da shi.

Iyakar gudun ainihin Kada kilomita 65 ne a sa'a, wanda a wannan ma'auni ya zama kusan santimita 21 a daƙiƙa, wato mita ɗaya cikin abin da bai cika daƙiƙa biyar ba. Kawu ya auna da agogo ya yi alama da jan fenti a kan maɓallin wuta, kuma ba ya yarda a wuce ta. A wannan gudu ana iya bin sandunan gefe da ido suna hawa suna sauka, ana kuma ganin hancin gaba ya shiga kwana kafin ɗakin tsakiya ya biyo shi. Ranar da aka kai wa dattijon Maƙera Assada ya gani, a kan katako da batir, sai da ya sa aka mayar da shi baya aka sake kawowa sau uku, sannan ya tambayi inda kusoshin suke, domin bai gan su ba.

Abu biyu suka rage. Ba a shimfiɗa wayar sama ba tukuna, saboda haka fantogiraf ɗaya a kwance yake, ɗayan kuma an ɗaure shi da baƙin zare a tsayin da wayar za ta kasance. Akwai kuma ɗan ƙara da hancin baya ke yi idan ana tafiya da baya, wanda muke zaton giyar moton ce ke da 'yar rata. Kawu ya ce ba za a buɗe shi ba sai iskar hunturu ta kwanta, don haka yanzu yana cikin akwatin gilashi da mai aikin alminiyom ya haɗa masa, a kan kanta ta bangon da rana ba ta bugu.